Tsumman Tagar Inna

Shekara tara na yi ina aikin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a gidan likita na Damagaram kafin daminar da aka ba mu 'yancin kai. A wurin aiki, in na ce wa dattijo mai furfura ya buɗe baki, sai ya buɗe. In na ce wa tsohon soja ya sassauta wando a yi masa allura, ba gardama. Amma da zarar na shiga gidanmu na cikin Birni, wallahi kukan akuya ya fi maganata daraja, don ita akuya in ta yi kuka akan leƙa a ga abin da ya same ta.

Laifina ɗaya ne, ni ne ɗan fari. Sunana Lawali, amma mahaifiyata Hajara, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa furta shi ba tun ranar suna. "Wancan" take cewa, ko "ɗan Balki". Balki kuwa ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda aka miƙa mata ni tun ranar yaye. Ita ta goye ni, ita ta dake ni, ita ta yi ta rusa kuka ranar da aka kama ni aka kai lakwal, wato makarantar boko. Inna ba ta duban fuskata, ba ta amsa mini magana. In na tsuguna a bakin ƙofarta na yi gaisuwa, Gwaggo ko ƙanwata Hauwa ke amsawa a madadinta. Kunyar ɗan fari ke nan, haka na tashi na ga ana yi a kowane gida, kuma ban taɓa jin haushin abin ba sai a wannan damina.

Wata Litinin Hauwa ta same ni a wurin aiki, ta ce mura ta kama Inna, tari ya hana ta sakat, kwana uku ke nan ba ta runtsa ba. Ina tashi aiki na ɗauki kwalbar maganin tari na nufi gida.

Tun daga zaure na ji ƙamshin turaren hano, na ƙara sauri. Ɗakin Inna soro ne mai taga ɗaya, 'yar mitsitsiya can sama kusa da azara. Na ɗaga kai na ga an cusa mata tsohon zani. Ƙyaure a rufe, an jera tsummoki a ƙasansa. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa tana fifita kaskon gawayi, tana jira ya kama sosai ta shigar da shi.

Ba yau na fara ganin kaskon nan ba. Shekara biyu kafin nan, mahaifina, wanda baduku ne mai yin batta, ya yi 'yar mura. Ina can garin Droum muna yi wa mutane lambar agana. Aka toshe masa ɗaki, aka sa masa wuta don ya samu barci. Ya samu kuwa, bai sake tashi ba. Da na iso wurin zaman makoki kowa sai cewa yake, "Kai, Allah ya ba shi mutuwa mai sauƙi, ko shure-shure bai yi ba." Na leƙa ɗakin na ga kasko cike da toka, na ga tsumma a taga, na gane. Tun muna karatu a Yamai lokotoro, wato babban likita, ya koya mana abin da gawayi ke yi a ɗakin da ba iska. Amma wa zai dubi masu hawaye ya ce ku ne? Na haɗiye maganata, ta zauna mini a ƙirji shekara biyu.

Na ce, "Gwaggo, ina za a kai wutar nan?"

Ta ce, "Ina kake gani? Sanyi ne ya shige ta. Ranar Alhamis ta fita kwashe shanya, ruwan sama ya taɓa mata tsakiyar kai. Na ce kada ta sha ruwan randa, ta sha. To ga shi nan."

"Gwaggo, mura ba daga ruwan sama take sauka ba. Daga mutum take zuwa ga mutum. 'Ya'yan Hauwa duk majina suke, kuma a cinyarta suke wuni. Su suka kawo mata."

"Au, yanzu kuma jikokinta ne mayu?"

Na danne zuciyata, na tsuguna kusa da ita. Na yi mata bayani dalla-dalla kamar yadda nake yi wa mutanen ƙauye. Na ce ita mura ba ta da wani magani sai hutu da shan ruwa da haƙurin kwana bakwai. Na ce gawayi in yana ci a ɗaki rufe, yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, kuma barcin da take sa mutum ba barci ba ne, suma ce.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. In za ta yi mini ba'a, "Mushe" take kirana, yadda ake kiran Nasara da Faransanci. Ta ce, "Da wannan kaskon na raine ka, Mushe lokotoro. Sau nawa ka yi mura a hannuna? Ga ka nan ƙato, har kana koya mini raino."

"Ɗakinki na wancan lokaci jinka ne, iska na shiga ta ko'ina. Wannan soro ne, Gwaggo, kamar tulu aka rufe."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

Kai, karin maganar nan! Da ana kama ta a ɗaure, da ni zan fara kai ƙararta. Na miƙe na ɗauke kaskon na kai bakin murhu. Na ɗauko turmi na taka, na zare zanin daga taga. Sa'annan na tsaya ina fuskantar bango, na ɗaga murya yadda na ciki zai ji, na ce, "A sha maganin nan cokali ɗaya safe da yamma. A bar taga a buɗe. Kada a sake shigar da wuta." Daga ciki ba abin da ya amsa mini sai tari.

Kashegari na dawo, zani ya koma taga. Na tambayi magani, Gwaggo ta nuna mini kwalbar, saura rabi. Na ce lafiya, cokali biyu ya cinye rabin kwalba? Ta ce ai ta taɓa ta ji abin da sanyi, ba ta yarda mai mura ta haɗiye shi ba, sai ta ɗumama shi ta shafe mata ƙirji da baya. Wallahi sai da na zauna a kan turmi na dafe kai.

Na ja Hauwa gefe na ce, "Ke kina shiga, kina magana da ita baki da baki. Ki gaya mata abin da na ce."

Ta ce, "Na gaya mata, Yaya. Ta ce ita ba ta musu da yayar mijinta. Ni kuwa wace ce? In na taɓa tsumman nan Gwaggo sai ta tsine mini."

Na je wurin Sallau, maƙwabcinmu, abokin sana'ar Baba, don na san Gwaggo na jin nauyinsa. Ya saurare ni yana ɗinkinsa, yana gyaɗa kai, har na ce alhamdu lillahi na samu mai fahimta. Da na gama sai ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Af, tunda ka zo, bayan nan nawa sanyi ya kama shi, ko za ka zo mini da allura guda?"

Haka muka yi ta yi. In na zo na zare, in na tafi a mayar. In na ɓoye kasko a ari na maƙwabta. Garin kuwa a lokacin ba zancen da ake sai na 'yanci, ana ta ɗinkin tuta, ana cewa Nasara za su tafi. Gwaggo ma ta samu abin yi mini gori.

Ranar Laraba ce. Na tarar da ita tana cusa zanin da muciya, ko kunyata ba ta ji ba. Ta ce, "Nasaran da suka koya maka ma an ce suna ɗaure kayansu. In za su tafi su tafi da iskar tasu da ba a gani, su bar mu da abin da muka gada."

A nan ne na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Zuciya ta kawo mini wuya, na ce da ƙarfi, "Abin da kuka gada shi ya kashe Baba! Kaskon nan ne ya kashe shi, ba mura ba!"

Hauwa ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ko tarin Inna sai da ya tsaya. Gwaggo ta ajiye muciya a hankali.

Ta ce, "Ni? Ni na kashe ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya? Lawali, da bakin da na ɗura wa kunu kake gaya mini haka?" Hawaye suka zubo mata. Ta nuna zaure ta ce, "Fita. Kada ka sake tako gidan nan sai na aika."

Na fita. Ina tafe a lungu ina zagin kaina, don na gane abin da na yi. Da can gardama ce kawai tsakanina da ita, yau ta ci gobe na ci. Yanzu kuwa na ɗaure mata hannu. In ta cire kaskon nan, ta amsa a gaban kowa cewa ita ta kashe ɗan'uwanta. Gwaggon da na sani gara ta ƙara gawayi.

Alhamis ban je ba. Na zauna a gidana na unguwar Zango ina ta huci, ina cewa su ƙarata. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, kafin in kai kasuwa ruwa ya tsuge. Na fake a wata rumfa tare da mutane, kowa na murna gero zai sha. Ni kuwa abu ɗaya ya faɗo mini: a irin wannan ruwa Gwaggo ba za ta bar ko hudar allura a ɗakin nan ba. Na tattare rigata na shiga ruwan da gudu.

Na tarar da Gwaggo a rumfar tsakar gida tana tsinkar zogale, fuskarta a sake. Da ta gan ni ba ta ma kore ni ba, don tana da albishir.

Ta ce, "To, mai ilimi, sai ka sassauta murya. Ta samu barci tun hantsi. Ko tari ɗaya ba ta yi ba. Kasko biyu na sa mata."

"Tun hantsi?"

"Tun hantsi. Abin da kwalbarka ta kasa."

Na nufi ƙofar, ta taso ta tare ni da hannu biyu tana cewa, "Kai, ɗakin uwarka ne! Ba ka da kunya?" Na ɗauke ta cak na ajiye gefe, tsohuwar da ta goye ni, Allah ya yafe mini. Na sa kafaɗa na banke ƙyauren.

Wani zafi ya bugi fuskata, kaina ya sara nan take. Inna na kwance a kan gadon kara, hannu ɗaya ya saki ya taɓa ƙasa, ga amai a gefen matashi. Tun da na yi wayo ban taɓa kiranta baki da baki ba. Ranar na kira. "Inna! Inna!" Na girgiza ta, ko motsi. Na sa kunne a ƙirjinta na ji zuciya na bugawa can ƙasa-ƙasa, numfashi kuwa sai an jima ake ja.

Na sungume ta na fito. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ban taɓa sani ba ke nan game da uwata. Zaure ne wurin da iska ta fi ratsawa, kuma sai an ƙetare tsakar gida ake kai gare shi. Na ratsa da ita cikin ruwan. Gwaggo na biye da ni tana kururuwa, "Wayyo jama'a, zai kashe ta! Ya fito da mai mura cikin ruwa! Ku zo, ɗan nan ya haukace!"

Kafin ka ce me, zaure ya cika da maƙwabta. Na daka musu tsawa su matsa su ba ta iska. Na shimfiɗe ta, na share mata baki, na kama hannuwanta ina ɗagawa sama ina dannawa a ƙirji kamar yadda aka koya mana. Ina ji wata mata na cewa a kawo bargo, wani na cewa a kawo wuta a ɗumama ta. Na ce duk wanda ya shigo da garwashi zauren nan sai na fasa masa kasko a ka. Sallau ya ce, "Subhanallahi, ɗan fari da uwarsa haka?" Ban ko dube shi ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Hannuwana sun gaji, ruwa na ɗiga daga kaina yana sauka a fuskarta. Can sai ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin tarin nan ba. Ta sake yi, ta buɗe ido. Ta ga fuskata dab da tata. Sai ta lalubi gefen zaninta, ta ja ta rufe fuska.

Hauwa ta iso a guje, ta durƙusa. Inna ta yi mata raɗa. Na ce, "Me ta ce? Kanta ne ke ciwo?"

Hauwa ta ce, "Ta ce a gaya wa wancan ya je ya goge kansa, kada sanyi ya kama shi."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na karɓi tsumma na goge.

Da ruwa ya tsagaita Hauwa ta shiga gyara ɗakin, ta fito da kwando a hannu tana salati. Kazar Inna ce da 'yan tsakinta shida, waɗanda aka shigar da su ɗaki aka kife da kwando don kada ruwa ya dake su. Duk sun mutu, ba wanda ya rage. Na ce to, yau dai magana ta ƙare, ga shaida kowa ya gani. Gwaggo ta leƙa kwandon ta ce, "Allah sarki, sanyin ƙasa ne ya kama su." Maƙwabta suka ce ƙwarai, kaji ba sa son damshi. Kafin magariba labari ya gama unguwa cewa hayaƙin Gwaggo ya fitar da ciwon ta hanyar amai, saura kaɗan ɗan lakwal ya ɓata aikin. Inna dai an nuna mata kwandon, ta daɗe tana dubansa.

Daga ranar na tare a tsohon shagon Baba da ke jikin zaure, na ce ko za a tsine mini ba inda za ni sai ta warke. Gwaggo ba ta yi mini magana, amma ba ta shigar da wuta ba, don ta san ina nan ina zare ido.

Kwana uku bayan haka mura ta kama ni. To ina mamaki? Wuni nake cikin masu atishawa a gidan likita, ga na sa fuskata a numfashin Inna. Amma je ka gaya wa mutanen Birni haka. Har sallama ake yi a zo a gan ni, a tabbatar. Sallau ya leƙo ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Ruwan Juma'ar nan ne." Muryata ta dushe, ko musu ba na iyawa, sai dai in harare shi.

Ranar da zazzaɓi ya fi tsanani, da azahar, Gwaggo ta shigo. Ta taɓa goshina kamar yadda take yi ina yaro, ta yi tsaki, ta ce, "Taurin kai dai ba shi da riba." Ta fita ta dawo da kasko yana ja jawur, ta barbaɗa hano. Ta cusa zani a tagar shagon, ta ja ƙyaure ta rufe. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai shaƙaƙƙiyar iska. Na ce a raina bari ta yi nisa in rarrafa in fitar da shi, amma jikina kamar an daka a turmi.

Ina nan ina tattara ƙarfi sai na ji an turo ƙyaure. Inna ce. Tana dafa bango, ta ja mayafi har kan hanci, fuskarta na kallon wani gefen. Tun da aka yaye ni ba ta taɓa shiga ɗakin da nake ciki ba. Ta naɗe hannu da gefen zani, ta sunkuya ta ɗauki kaskon, ta fita da shi tana numfashi sama-sama. Na ji ƙarar ruwa a kan garwashi. Ta dawo da muciya, ta yi ta zungurin tsumman taga har ya faɗa waje.

Daga tsakar gida Gwaggo ta ce, "Hajara, me kike yi haka? Sanyi zai ƙarasa shi!"

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba ni baya. Muryarta a sanyaye, amma ba rawa a cikinta. Ta ce, "Yaya Balki, kazata ruwa bai taɓa ta ba. Marigayi Malam ma ruwa bai taɓa shi ba. A bar wa wancan ƙofarsa a buɗe."

Na ji Gwaggo ta shige ɗakinta, na ji tana kuka a hankali, kuma wallahi kukan nan ya fi mini zafi da duk gorin da ta yi mini.

Da la'asar Hauwa ta kawo mini kunun kanwa mai zafi a ƙwarya. Ta ce, "In ji Inna, a gaya wa wancan ya shanye duka. Kuma kada ya kuskura ya sha ruwan randa sai ya warke."

Na shanye kunun. Ruwan randa kuwa ban taɓa shi ba har na warke.